Masu kwasar shara na Alƙahira da kwangilar 2003

A gindin dutsen Muƙaɗɗam, gabas da birnin Alƙahira, akwai unguwar Manshiyat Nasir, inda dubban iyalai ke samun abinci daga abin da sauran mutanen birni suka zubar. Misirawa na kiran su Zabbalin, wato masu shara. Tarihinsu ya nuna yadda sana'ar shekara sittin take iya kuɓuce wa masu ita a rana ɗaya, muddin babu takardar da ta ce tasu ce.

A farkon ƙarni na 20, wasu baƙi daga dausayin hamadar yammacin Masar, waɗanda ake kira Wahiya, suka kama aikin kwashe sharar gidajen Alƙahira. Sukan busar da ita su sayar wa gidajen wanka da masu dafa wake, su kuma su hura wuta da ita. A shekarun 1930 da 1940 sai ga manoma marasa gona daga yankin Asiyut, akasarinsu Kiristoci Kibɗawa. Ɓangarorin biyu suka yi yarjejeniyar baka: Wahiya su karɓi kuɗin wata daga masu gida, su kuwa sababbin zuwa su ɗauki sharar ta zama tasu. Maza sukan fita tun asuba da amalanken jaki, su bi benaye ƙofa ƙofa. Mata da ƴan mata ke zaman tsinta a gida, suna ware takarda, roba, ƙarfe, kwalba da tsumma. Ragowar abinci kuma a ba aladu, waɗanda kuɗin sayar da su ke riƙe da gidan.

Aikin ba shi da albashi, ba fansho, ba inshorar lafiya. Fasassun kwalabe da allurai na yanke hannuwa, ciwon hanta ya yi yawa. Ko wurin zama ba su da tabbas a kansa: wajajen 1970 hukuma ta tashi wasunsu daga Imbaba, abin da ya kai su Muƙaɗɗam ke nan. A 1971 wata ƴar zuhudu mai suna Sœur Emmanuelle ta tare a Izbat an-Nakhl, wata unguwar tasu, ta kuma sanar da ƙasashe masu magana da Faransanci halin da suke ciki. Duk da wannan wahala, masu bincike sun ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suke kwasowa yana komawa ga amfani.

Sai dai birnin ya fi ƙarfin amalankensu, kuma unguwannin talakawa, inda shara ba ta da abin sayarwa sosai, sukan kwana cikin datti. Da wannan hujja, a 2003 hukumomi suka ba kamfanonin Sifen da Italiya kwangilar shekara 15 ta tsabtace manyan sassan birnin. Kwangilar ta wajabta musu sake sarrafa kashi 20 kawai, saura a binne a juji. Aka ɗora kuɗin shara a kan takardar biyan wutar lantarki. Ba a zauna da Zabbalin ba. Kamfanonin sun yi musu tayin aikin albashi, amma albashin bai kai abin da iyali ke samu daga tsinta ba, kuma sharar kanta, wadda ita ce jarinsu, ta koma hannun kamfani.

Kamfanonin suka ajiye manyan kwandunan shara a bakin titi. Mutanen da suka saba a zo musu har ƙofa ba su sauko ba. Da yawa suka ci gaba da ba tsohon mai shararsu kuɗi, suka zama masu biya sau biyu. Daga baya kamfanonin suka koma ɗaukar Zabbalin a matsayin ƙananan ƴan kwangila, bisa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

A watan Afrilu na 2009, lokacin annobar murar da aka laƙaba wa aladu, gwamnati ta ba da umarnin yanka aladun ƙasar, kimanin 300,000, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matakin ba shi da amfani. Zabbalin suka daina kwasar ragowar abinci, tun da babu mai cinsa. Cikin ƴan watanni titunan Alƙahira suka cika da ruɓaɓɓiyar shara. Garin neman gira an rasa ido.

Wa'adin kwangilolin ya cika wajajen 2017. Kafin nan Zabbalin da yawa sun kafa ƙananan kamfanoni masu rajista, domin su iya sa hannu a kwangila da sunansu, kuma a 2020 Masar ta yi dokar sarrafa shara mai lamba 202. Shekara sittin birnin ya yi yana dogaro da su ba tare da rubuta sunansu a ko'ina ba, shi ya sa ranar da aka zo sayar da aikin, a takarda ba shi da mai shi. Duk ma'aikatar magajin garin da ke shirin miƙa shara ga ɗan kasuwa, ya kamata ta fara da ƙidayar masu kwasarta tun da can, ta kuma tanadar musu mazauni a wurin sa hannu.