Ciwon dajin fankiriyas: Lokacin da shawara ta ƙi jin magani

A Maradun da Bakura da Talata Mafara, idan idon mutum ya yi rawaya, abin da aka saba cewa shi ne shawara ta kama shi, sai a shiga jiƙo da sassaƙe. Sau da yawa ciwon hanta ko zazzaɓin cizon sauro ne sila. Amma idan mai lalurar dattijo ne, shawarar ta zo ba tare da zazzaɓi ba, yana ta ramewa, jikinsa na ƙaiƙayi, likitoci kan yi zargin wani abu mafi haɗari, wato ciwon dajin fankiriyas.

Mece ce fankiriyas?

Gaɓa ce mai tsawon kimanin santimita 15 da ke kwance a bayan tumbi. Wasu na kiranta saifa, alhali saifa daban take, tana can hagu a ƙarƙashin haƙarƙari. Aikin fankiriyas biyu ne: tana fitar da ruwan da ke narkar da abinci a hanji, tana kuma samar da sinadarin insulin mai daidaita sukari a jini.

Galibin dajin yana tsirowa ne a kan gaɓar, daidai inda bututun madaciya ya ratsa. Idan ƙarin ya girma sai ya toshe bututun, ruwan madaciya ya koma cikin jini. Daga nan ido da fata su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, bayan gida kuma ya yi fari-fari.

Alamomi da masu haɗari

Bayan shawara, akwai ciwo a saman ciki da ke sokawa har gadon baya, rashin son abinci, rama ba gaira ba dalili, da ciwon sukari da ya bayyana kwatsam ga wanda ya haura shekara 50. Cutar ta fi kama waɗanda suka wuce shekara 60. Shan taba sigari na ninka haɗarinta kusan sau biyu. Ƙiba mai yawa, daɗaɗɗen kumburin fankiriyas, wanda yawan shan barasa kan jawo, da gado a cikin dangi, duk suna ƙara haɗarin.

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 cutar ta kama mutum fiye da rabin miliyan, ta kashe kusan 467,000. Babban dalilin wannan asara shi ne makara, domin gaɓar tana ɓoye a can cikin ciki, alamun farko kuma sun yi kama da na gyambon ciki.

Yadda ake gano ta

Matakin farko shi ne gwajin jini na aikin hanta da hoton sikanin ciki, wanda kan nuna ko bututun madaciya ya kumbura. Idan an ga haka, sai a tura majinyaci ɗaukar hoton CT, wanda ke bayyana girman ƙarin da inda ya kai. Akwai gwajin jini mai suna CA 19-9, sai dai shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar. A lokuta da dama akan ɗebo ɗan yanki na ƙarin a duba a ɗakin gwaji.

Mazaunin Maradun zai fara ne daga babban asibitin garin ko na Talata Mafara, ya karɓi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau. Manyan ayyuka kuwa sai asibitocin koyarwa, irin su na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano.

Magani

Tiyata ce kaɗai hanyar da ke iya raba mutum da cutar. Fitacciyar cikinsu ita ce wadda likitan Amurka Allen Whipple ya bayyana a 1935, inda ake cire kan fankiriyas da farkon ƙaramin hanji da madaciya, a sake haɗa hanyoyin. Sai dai kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke zuwa asibiti a lokacin da tiyatar za ta yiwu. Bayan aikin akan bi da magungunan kashe ƙwayoyin daji, irin su Gemcitabine, wani lokaci har da gashi.

Ko cutar ta bazu, akwai abin yi. Ana iya sa ɗan bututu ko a yi ƙaramar tiyata don buɗe hanyar madaciya, shawara da ƙaiƙayi su lafa. Akwai magungunan raɗaɗi masu ƙarfi da ƙwayoyin taimaka wa narkewar abinci.

Tsadar hoto, nisan tafiya da matsalar tsaro a hanyoyin yankin na sa iyalai jinkiri, amma kowane mako da aka ɓata ana jiƙo yana rage damar tiyata. Duk dattijon da idonsa ya yi rawaya yana kuma ramewa, a kai shi asibiti a cikin makon, a nemi a yi masa hoton ciki.