Yadda Harafin Ƙ Ya Samu Gurbi a Cikin Kwamfuta

A shekarar 1963 Amurka ta fitar da tsarin ASCII, wanda ya bai wa haruffa da alamomi lambobi 128 kacal. Wannan ya wadatar da Turanci, amma babu gurbin ɓ, ɗ da ƙ, balle rubutun Larabci ko na Sin. Ƙasashe da dama suka ƙirƙiri nasu tsarin, sai fayil ɗaya ya riƙa sauya kamanni daga wata na'ura zuwa wata.

A 1988 Joe Becker na kamfanin Xerox ya kawo shawarar a faɗaɗa kowane harafi zuwa bayit biyu, wato gurabe 65,536. Daga nan Unicode ya samo asali, aka buga sigarsa ta farko a 1991. Microsoft ya gina Windows NT a kan wannan faffaɗan harafi a 1993, harshen Java ma ya bi sahu.

Sai dai tsofaffin manhajoji na harshen C suna ɗaukar bayit mai sifiri a matsayin ƙarshen rubutu, alhali faffaɗan harafin a bayit biyu ne, ɗayansu sifiri. Duk wanda ya zuba faffaɗan rubutu da na bayit ɗaya cikin fayil guda ba tare da juyawa ba, sai ya tarar an yanke masa jimla ko ta zama tarkace. Ƙa'idar C ta 1995 ma ta hana gauraya nau'ukan biyu a kan kafar rubutu ɗaya. Ga kuma wani cikas: gurabe 65,536 ba su isa ba, dole a 1996 aka ƙara dabarar haɗa gurabe biyu domin harafi ɗaya.

Mafita ta zo ne tun a watan Satumbar 1992, lokacin da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8 a wani gidan cin abinci a New Jersey. Tsarin ya bar haruffan ASCII a bayit ɗaya kamar yadda suke, sauran kuma suna cin biyu zuwa huɗu, kuma babu sifiri a tsakiyarsu. Zuwa 2008 ya zarce kowane tsari a shafukan intanet.

Harafin ƙ yana cin bayit biyu a UTF-8. Idan manhaja ta karanta su da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, ƙasa takan fito Æ™asa. Masu buga rubutu da yawa sukan kauce wa wannan ta hanyar jefar da lanƙwasa, sai ƙasa ta koma kasa, ma'ana ta sauya. Ƙwararrun masu gina manhaja a yau suna juya faffaɗan rubutu zuwa UTF-8 kafin ya shiga fayil, kuma su karanto shi da tsarin da aka rubuta shi. Ta haka ne sunan Ɗanjuma yake fita daga rumbun bayanai da lanƙwasarsa.