Daga Sawakin zuwa rumfar alhazai: tarihin saukar mahajjatanmu a Jidda

 



A makon jiya, bayan sallar Isha'i, wani dattijo daga cikin maniyyatanmu ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Na zaci zai tambayi hukuncin ɗawafi ko jifa, sai na tarar filin jirgin Jidda ne ya hana shi barci. An gaya masa mutum yakan yini a zaune a can, kaya su ɓace, ga shi bai san inda zai ɗaura harami ba. Na yi masa alkawarin amsa a rubuce domin kowa ya amfana. Amsar kuwa ba ta cika sai mun waiwayi yadda magabatanmu suka riƙa isa wannan gari, domin wanda ya san wahalar jiya ya fi iya haƙurin yau.

Hanyar farko da mutanen ƙasashen nan suka sani ita ce ta Sahara. Ayari yakan tashi daga Agadas ya bi ta Gat da Fezzan har Misra, a can ya haɗu da babban ayarin Alƙahira. Ta Misra Mansa Musa na Mali ya bi a 1324, ta nan kuma Askiya Muhammadu na Sanwai ya bi wajen 1496. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya zo Agadas wurin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da malamin ya kama hanyar Makka, almajirin ya juyo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba, kuma har ya bar duniya Allah bai ƙaddara masa hajji ba. Wannan hanya ta masu raƙuma da guzuri ce, talaka bai cika iya ta ba.

Hanyar talakawa ita ce ta gabas. Mutum yakan fita daga Damagaram ko Katsina ko Kano ya nufi Barno, ya tsallaka zuwa Wadai ta Abeshe, ya shiga Darfur ta Janaina da Fashir, ya wuce Ubayyid har bakin kogin Nilu, daga nan sai Sawakin a gaɓar Bahar Maliya. A Sawakin ake tsare mutane kwanaki domin binciken lafiya, kana su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Mafi yawansu da ƙafa suka yi ta, ko bisa jaki. In guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi noma ko ɗinki ko karantarwa, damina ɗaya ko biyu, a sake tashi. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, jama'a mai yawa ta bi ɗansa Mai Wurno gabas, suka kafa garin da har yau ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, maniyyata da dama sun yi ƙodago a cikinsu don tara kuɗin jirgin ruwa. Wasu sun isa Makka bayan shekaru, wasu sun rasu a hanya, wasu kuma sun zauna, zuriyarsu na nan a Sudan suna jin Hausa.

Ina yaro na riski wani tsoho a unguwarmu wanda ya yi wannan tafiya. Ya fita da saurayinsa, ya komo da furfura da ƴaƴa uku. Yakan ce ranar da zai tashi sai da ya raba abin da ya mallaka, ya nemi gafarar kowa, aka raka shi bayan gari ana kuka, domin a wancan zamani ba a sa ran mai tafiya Makka zai dawo.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, amma sai a shekarun 1950 jigilar alhazan yankinmu ta sama ta kankama. Sannu a hankali hanyar ƙasa ta mutu, saboda iyakoki da fasfo da biza sun tsaurara. Tsakanin Yamai da Jidda kilomita wajen 4,000 ne. Tazarar da ta ci ƙuruciyar wancan tsoho, yau ana yanke ta cikin sa'o'i biyar zuwa shida. Wanda ya taso daga Damagaram a mota yakan daɗe a hanyar Yamai fiye da yadda zai daɗe a sama.

Tsohon filin jirgin Jidda yana unguwar Kandara, cikin gari. Da alhazai suka yawaita ya kasa ɗaukarsu, sai aka gina sabo a arewacin birnin, nisan kilomita 19, aka buɗe shi a 1981 da sunan Sarki Abdul'aziz. A cikinsa aka keɓe wa mahajjata tasha tasu. Masu ginin sun lura cewa alhaji ba kamar sauran fasinjoji yake ba: yana zuwa cikin taro, yana jira mai tsawo, yana bukatar wurin alwala da sallah da kishingiɗa. Saboda haka suka yi rufi mai siffar tantuna 210, kowane ɗaya mita 45 tsawo da faɗi, da wani farin kyalle mai ƙarfi wanda ke mayar da zafin rana, gefuna a buɗe iska na ratsawa. Babban injiniyan aikin Musulmi ne ɗan asalin Bangaladash, Fazlur Rahman Khan, kuma ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1983. An tsara wurin ya ɗauki mutum 80,000 a lokaci guda.

A ƙarƙashin wannan rumfa na yi jirana na farko. Mun sauka da hantsi, ba mu hau motar Makka ba sai bayan Isha'i. Layin duba katin rigakafi daban, layin fasfo daban, na ƴan duwan daban, sannan jiran mota. Na ga ƴan Indunusiya cikin tufafi iri ɗaya suna bin jagoransu a natse, na ga Turkawa, na ga ƴan Senegal suna karatu a da'ira. Na kuma ga wani daga cikinmu, sanye da harami, yana zagin ma'aikaci saboda akwatinsa ya makara. Ko awa uku bai yi da niyya ba ya faɗa cikin jayayyar da aka hana mai harami. Ranar na gane cewa jarrabawar hajji tun daga filin jirgi take farawa.

Dalilin cunkoson a fili yake. A 2019 mahajjata sun kusa miliyan biyu da rabi, mafi yawansu daga waje, kuma ta sama suka shiga cikin ƴan makonni. Tun 1988 ƙasashen Musulmi suka amince da kason mutum dubu ɗaya ga kowane miliyan na Musulmin ƙasa, kason Nijar kuwa a shekarun nan ya ɗara 15,000. An rage wa Jidda nauyi da faɗaɗa filin jirgin Madina a 2015, da jirgin ƙasa mai sauri da ya haɗa Makka da Jidda da Madina a 2018. Duk da haka jira bai ƙare ba.

Kafin mu yi fushi da jinkiri, mu tuna abin da gaggawa ta taɓa jawowa. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ya tashi daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka, amma aka bar shi ya tashi don kada a makara. Tayoyin suka fashe tun yana gudu a ƙasa, wuta ta kama, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu. Matuƙin ya juyo zai sauka, jirgin ya faɗi dab da filin. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi hajjinsu. Ajali yana hannun Allah, amma an umurce mu da riƙon sababi. Idan aka ce an tsayar da jirginku don gyara, ku yi hamdala, ku bar masu gyara su gama aikinsu.

Yanzu ga tambayar dattijon nan game da harami. Miƙatai biyar ne: Zul Hulaifa, Juhfa, Yalamlam, Ƙarnul Manazil da Zatu Irƙin. Jidda ba ta cikinsu. Wanda jirginsa ya sauka Madina, ko ya sauka Jidda amma Madina zai fara zuwa, ba shi da damuwa, zai yi harami a Zul Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, ranar da zai nufi Makka. Mai wucewa Makka kai tsaye daga Jidda shi ne malamai suka yi magana a kansa. Malaman fiƙihu na da sun ambaci mutanen Sawakin da suna, suka ce mai tsallako teku daga can yana isa Jidda bai daidaita da wani miƙati ba, don haka a Jidda zai yi harami. Haka kakanninmu suka yi. Wasu malaman zamani sun ɗora jirgin sama a kan wannan. Amma majalisun fiƙihu da mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa mai jirgin sama zai yi niyya ne a sama idan ya daidaita da miƙati, domin hanyar jirgi ba lallai ta zama ta Sawakin ba.

Abin da nake ba jama'ata shawara shi ne abin da ya fitar da mutum daga saɓani. Ka yi wanka kafin shiga jirgi, ka sa tufafin harami tun a filin Diori Hamani ko ka riƙe su a jakar hannu, kada su shiga cikin manyan kaya. Sa tufafi ba shi ne harami ba, niyya ce harami. Idan aka yi sanarwar kusantar miƙati sai ka yi niyya ka fara talbiya ba da jinkiri ba, domin jirgi yana cin fiye da kilomita goma a minti guda. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya wuce miƙati da nufin hajji ko umra sannan ya yi harami a gaba, hadaya ta hau kansa. Mace kuwa tufafinta na yau da kullum su ne na haraminta, kuma haila ba ta hana ta niyya.

Sai sallah. Matafiyi yana ƙasaru idan tafiyarsa ta kai mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, daga lokacin da ya bar gine-ginen garinsa. Idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, sai ya cika. Mutumin Maraɗi ko Tawa da ke jiran jirgi a Yamai ya lura da wannan. Ku shiga jirgi da alwala. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kuma mai tafiya gabas lokutan sallah suna riskarsa da wuri, don haka a dubi rana da alfijir, kada a dogara ga agogon hannu. Idan lokaci zai fita kafin sauka, a yi sallah a cikin jirgi gwargwadon iko.

Akwai kuma amanar kaya. Kada ka karɓi ƙulli ko jaka daga hannun wanda ba ka san abin da ya zuba ba, ko da ya haɗa ka da Allah, ko da ya ce magani ne zai aika wa ɗan'uwansa. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma sunan da ke jikin jakar shi ake kamawa. Mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga ya riƙe shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Katin rigakafin shawara da sanƙarau ya kasance na gaskiya. Wanda ya sayi kati bai yi allura ba ya yi ƙarya, ya kuma jefa kansa da dubban Musulmi cikin haɗari. Haka nan masu shiga da bizar ziyara su laɓe har lokacin hajji: a 2024 zafi ya kashe mutum fiye da 1,300, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mafi yawansu marasa izinin hajji ne, waɗanda ba su da tanti ko mota. Allah bai wajabta hajji ba sai ga mai iko, samun halastacciyar hanya kuwa yana cikin iko.

Ranar komowa ma a wannan rumfa ake taruwa, jiki ya gaji, guzuri ya ƙare, zuciya ta yi gida. A nan ake rigimar kilo. Ku auna tsarabarku tun a masauki, ku tsaya kan nauyin da aka ƙayyade, ruwan Zamzam kuma a bi tsarin da aka gindaya, kada a cusa shi cikin akwati. Mai ƙarfi ya ɗauki jakar tsoho, mai karatu ya duba wa wanda bai iya ba lambar ƙofa da lokacin tashi. Malamai sun ce alamar karɓaɓɓen hajji ita ce mutum ya dawo ya fi yadda ya tafi, kuma layin awon kaya shi ne wurin farko da za a ga hakan.

Suratul Hajji ta ambaci masu amsa kiran Annabi Ibrahimu da ƙafa da masu zuwa bisa raƙuma daga wurare masu nisa. Kakanninmu suna cikin na farko. Mu an ɗauke mana yunwar Wadai da ƙishirwar Darfur da jiran Sawakin, abin da ya rage mana zaman yini ɗaya a inuwa, ga ruwa ga wurin alwala. Na gaya wa dattijon nan ya tafi da carbinsa da ɗan abin taɓawa, ya ɗauki sa'o'in nan a matsayin farkon ibadarsa, ya kuma sa waɗanda suka kwanta a hanyar gabas cikin addu'arsa.

Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya ba su hajji mabrur. Wanda bai je ba Allah Ya kira shi. Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Wallahu a'alam.