Ƙaro da Tawada a Ƙasar Fika: Tarihin Mannen da Ke Saki

Ƙaro, wato danƙon da itacen dakwara ke tsatsowa idan an ɗaye ɓawonsa bayan ɗaukewar damina, yana cikin tsofaffin kayan fatauci na yankin da ya zama Jihar Yobe a 1991. Fadar Moi Fika, sarkin Bolewa, ta koma Potiskum a 1924, kuma da yake garin yana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya zama mahaɗar fatake. Bayan haka layin dogo ya isa Nguru a 1930, ƙaron yankin ya samu hanyar zuwa bakin teku tare da gyaɗa da fatu. 'Yan kasuwa sun raba shi daraja uku, na dakwara a sama, na dushe a biye, sannan gaurayen sauran itatuwa, kuma har yau Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya tana da reshen ƙaro a Gashuwa.

Sai dai tun kafin kamfanonin Turai su riƙa zuba shi a lemon kwalba da alewa, babban aikinsa a tsangayu shi ne haɗa tawada. Almajiri yakan niƙa gawayi ko ya kankaro baƙin tukunya, ya dama da ƙaron da aka jiƙa, domin in babu ƙaro baƙin zai kwanta a gindin kurtu, rubutun kuma ya kakkaɓe da zarar ya bushe. Dalilin yana cikin ginin ƙaron kansa, wanda masana kimiyyar sinadarai ke lissafawa cikin polima, wato ƙwayar sinadari mai tsawo da ta ginu daga ƙananan gaɓoɓi masu maimaituwa kamar carbi. Gaɓoɓinsa nau'o'in sukari ne masu rassa, haɗe da furotin kaɗan, kuma suna janyo ruwa ta wani rarraunan ɗauri da ake kira ɗaurin haidurojin. Idan ruwan ya ƙafe, ɗaurin sai ya koma tsakanin ƙaron da itacen allo, ya riƙe baƙin a wurin. Muhimmin abu shi ne riƙon ba na dindindin ba ne, domin da an wanke allo ruwa ya sake kwance ɗaurin, kuma a kan wannan sakin ne tsarin karatun allo ya dogara, tun daga sauya darasi har zuwa rubutun sha. Manne mai ƙin saki da bai amfani tsangaya da komai ba.

Ƙaro ruwa yake bi, ba zafi ba, amma yankin ya san mannen da zafi ke sarrafawa. Sitacin rogo da masu wankin hula ke amfani da shi yakan kumbura ya yi kauri idan ruwa ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, kuma ba ya komawa gari. Danƙon da ake samu daga dafaffiyar fata da ƙashi, irin wanda ke daskarar da romon ganda idan ya kwana, shi kuwa yana narkewa da zafi ya sandare da sanyi sau da yawa.

Abin da ɗakunan bincike suka ƙara shi ne curin polima mai shan ruwa wanda ke yin akasin haka. A 1968 Heskins da Guillet suka bayyana wata polima da ake taƙaita sunanta da PNIPAM, wadda ke riƙe ruwa a ƙasa da digiri 32, amma idan zafi ya haura haka sai ɗaurin haidurojin ya yi rauni, sarƙoƙin su dunƙule, curin ya matse ruwansa ya tsuke. Kusancin wannan iyaka da zafin jikin ɗan Adam, digiri 37, shi ya ja hankalin likitoci. A 1990 Teruo Okano da abokan aikinsa a Tokyo suka shafe faranti da ita, suka raini ƙwayoyin jiki a kai da ɗumi, sannan suka sanyaya farantin, ƙwayoyin suka ɗaye da kansu ba tare da an kankare su ba.