Yadda zafi ke tsara ruwa kamar saƙar zuma

Duk wanda ya taɓa ƙura wa tukunyar miya ido kafin ta tafasa, zai lura cewa ruwan yana tasowa ta wasu wurare, yana kuma nutsewa ta wasu.

Masana kimiyya suna kiran wannan kai-kawo da sunan mutane biyu da suka fara nazarinsa, wato Bénard da Rayleigh.

Dalilinsa kuwa shi ne, ruwan da ke gindin tukunya idan ya ɗauki zafi yakan rage nauyi ya nemi hawa sama, na sama mai sanyi kuma ya gangaro ya maye gurbinsa.

Sai dai kaurin ruwan yakan hana shi motsi da farko. Sai bambancin zafi tsakanin ƙasa da sama ya kai wani mizani, sannan ruwan ya rarrabu gida-gida, kowane gida yana juyawa.

Asalin binciken

A shekarar 1900 ne masanin kimiyyar Faransa, Henri Bénard, ya zuba narkakken kitse mai zurfin kimanin milimita ɗaya a kan faifan ƙarfe, ya dumama shi daga ƙasa.

Sai ya ga kitsen ya tsaru gida-gida masu kusurwa shida, tamkar saƙar zuma.

A 1916, Lord Rayleigh na Ingila ya bayyana lamarin da lissafi. Daga baya masana sun gano cewa ruwan da ke tsakanin faifai biyu yakan fara juyawa ne idan adadin da ake kira lambar Rayleigh ya haura kimanin 1,708.

Bincike a shekarun 1950 ya nuna cewa gidajen da Bénard ya gani sun fi samuwa ne daga ƙarfin da ke ɗaure saman ruwa kamar siririyar fata, wanda zafi ke raunanawa.

Daga tukunya zuwa rana

Ana ganin irin wannan tsari a fuskar rana, inda gidajen ke kai faɗin kilomita 1,000, kowanne kuma ya ɓace cikin 'yan mintoci.

A cikin ƙasa ma duwatsu masu zafi suna juyawa da tafiyar santimita kaɗan a shekara, motsin da ke da nasaba da girgizar ƙasa da aman wuta.

Haka nan idan rana ta gasa ƙasa da damina, iska mai ɗumi takan tashi sama ta haɗa hadari.

A 1963, masanin yanayi ɗan Amurka, Edward Lorenz, ya taƙaita lissafin wannan juyawa, inda ya gano cewa ɗan ƙaramin kuskure a farkon awo yakan girma har ya rushe hasashen baki ɗaya.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa hasashen yanayi na rana-rana ba ya zama abin dogaro idan ya wuce kimanin mako biyu.