tafinta

tafinta suna, namiji ko mace, jam'i: tafintoci. Aro daga Turanci.

1. Mai tsayawa tsakanin mutum biyu da ba su jin harshen juna, yana mayar wa kowa maganar ɗan'uwansa. A zamanin Turawan mulkin mallaka, shi ne bakin Joji da Razdan a gaban sarakuna.

2. A bakin fatake da 'yan ci-rani: ɗan gida da ya daɗe a baƙon wuri har harshen ya zauna masa. Mai albasa daga Aliero da ya sauka Kwatano, inda Faransanci da Fon ke ciniki, ko zangon Kumasi, a hannun tafinta yake: shi zai yi masa ciniki, ya raka shi asibiti, ya roƙi ɗan sanda. Sau da yawa shi ne mai masauki, shi ne dillali, don haka ba kowane farashi ke isa kunnen mai kaya yadda aka faɗe shi ba.

Misali: *Ba tafinta, sai da hannu na nuna wa likita inda ke ciwo.* *Alhajiya ta ɓace a Makka, tafinta ya maido ta masauki.*

tafintanci: aikin tafinta.