BABI NA BIYU: TARIHIN GANO YADDA SARƘOƘIN FUROTIN KE HAƊUWA

2.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a waiwayi tarihin wata matsala da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya, wato tantance yadda sarƙoƙin furotin suke haɗuwa su zama dunƙule guda mai aiki a jiki.

2.1 Asalin Matsalar

A shekarar 1958, John Kendrew na Jami'ar Kambirij a Ingila ya fito da siffar mayogulobin, furotin mai sarƙa ɗaya. A 1960 kuma, abokin aikinsa Max Perutz ya bayyana siffar hemogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin a jini, mai sarƙoƙi huɗu. Dabararsu ita ce a daskarar da furotin ya zama kiristal, a haska masa ekis-re, sannan a lissafo siffarsa.

To amma a cikin kiristal ƙwayoyin furotin a cushe suke, kowace tana gogar ta kusa da ita. Saboda haka hoton ba ya rabe ɗan gida da maƙwabci: wace mahaɗa ce ta asali, wace ce kuma cunkoso ya haifar?

2.2 Matakan Warwarewa

An kafa rumbun adana siffofin furotin, wato PDB, a Amurka a 1971 da siffofi 7 kacal. Da siffofin suka kai dubbai, tantancewa da ido ta gagara, aka koma ga kwamfuta. Manhajar PQS ta 1998 ta dogara musamman ga faɗin wurin da sarƙoƙi suka manne. PISA, wadda Krissinel da Henrick suka bayyana a 2007, ta ƙara da lissafin ko haɗin zai ɗore idan furotin ya koma cikin ruwa. A 2021 AlphaFold-Multimer ta fara hasashen haɗuwar daga jerin amino asid, ba tare da kiristal ba.

2.3 Darasin Ciwon Sikila

Sai dai ba kowace gogayyar maƙwabta ake watsarwa ba. A 1957 Vernon Ingram ya gano cewa amino asid ɗaya tak ne ya sauya a hemogulobin ɗin masu sikila, ciwon da ya addabi gidaje da yawa a Nijeriya. A 1975 aka ga ƙwayoyin wannan hemogulobin sun jeru igiya biyu-biyu a cikin kiristal. Irin wannan jerin ne tushen zarurrukan da ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini su koma kamar lauje.

2.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kiristal shaida ne kawai, hukunci kuwa sai an haɗa da lissafi da gwaji. Babi na gaba zai nazarci kalmomin da suka dace da wannan fanni a Hausa.